Kayan Gyara na Jabu a Tashoshin Nukiliya: Darasi Daga Koriya ta Kudu



An nemi mu yi tsokaci a kan tashoshin lantarki na nukiliya da kayan gyaran da ake sa musu. A irin wannan tasha, zafin da yuraniyam ke fitarwa a cikin tukunya shi ke tafasa ruwa, tururin kuma ya juya injin da ke ba da wuta. Sai dai ko an kashe tukunyar, zafin ba ya yankewa nan take, dole famfunan sanyaya ta su ci gaba da aiki. Tsayawarsu ce ta jawo bala'in Fukushima a Japan a 2011, lokacin da ambaliyar teku ta lalata injinan wutar ko-ta-kwana. Shi ya sa ba a ɗaura muhimmin kaya a tashar sai an gwada shi, an ba shi takardar shaidar inganci.

To, a kan wannan takarda Koriya ta Kudu ta yi tuntuɓe. A watan Nuwamba na 2012 gwamnatin ƙasar ta rufe tukwane biyu a tashar Yeonggwang, bayan an gano dubban kayan gyara, irin su fis da makunnai da fankoki, sun shigo da takardun jabu tun 2003. A watan Mayu na 2013 kuma aka rufe tukunya ɗaya a Shin Kori, ɗaya a Shin Wolsong, saboda an murɗe sakamakon gwajin wayoyin da ke kai saƙo ga na'urorin kariya idan haɗari ya auku. Wuta ta yi ƙaranci a tsakiyar lokacin zafi, har aka umurci ofisoshin gwamnati su kashe na'urorin sanyaya ɗaki. A watan Oktoba na shekarar aka gurfanar da mutum 100 gaban shari'a, cikinsu har da jami'an kamfanin da ke gudanar da tashoshin. Gaskiyar Bahaushe: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Jama'a, abin lura shi ne, ido ba ya rarrabe waya ta ƙwarai da ta jabu. Duka biyun suna aiki kullum, sai ranar haɗari asirin ta jabu ke tonuwa. Don haka tilas mai gwaji ya zama ba ya cin abincin mai sayarwa, kuma mai sa ido ba ya jin tsoron mai tasha.

Najeriya tana da ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. Duk ranar da aka tashi gina babbar tasha, mu fara tambayar wanda zai sa hannu a takardar shaida, da wanda zai bincike shi.