Barorin Ɓoye na Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya kunna kwamfutar tebur, ko a ofishin gwamnati ko a shagon buga takardu na Samaru, ba shi kaɗai yake aiki da ita ba. Akwai waɗansu ƙananan manhajoji da ke tashi tare da ita, su yi ta hidima a ɓoye kamar barorin gidan sarauta: wannan yana gadi, wancan yana jiran injin buga takarda, wani kuwa yana leƙen intanet ko an fito da sabon gyara. To, kowane bara da cikinsa. Abincinsu kuwa shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, da wuta, da kuɗin data.

Gardamar yawan barorin nan ta daɗe. Mabiya tafarkin Unix, wanda aka soma a Bell Labs ta Amurka cikin 1969, sun ce kowace manhaja ta tsaya ga aiki ɗaya ta kyautata shi. Da systemd ya fito cikin 2010 ya tattara hidimomi da yawa a hannu guda, Debian kuma ta zaɓe shi cikin 2014, sai waɗansu suka ɓalle suka kafa Devuan.

Amma ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ya sayo kwamfuta ta hannu a Sabon Gari, ba wannan ce damuwarsa ba. Microsoft ta janye tallafinta na yau da kullum ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ba ya hawa sai da guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da dama ba su da shi. Idan ya koma ga Linux marar nauyi, irin su Lubuntu, sai zuciya ta raya masa ya sallami barori duka.

A nan ne kuskure yake. Mai tura hotuna ga intanet, da mai lissafa fayiloli dare da rana, lalle a iya sallamarsu. Mai adana rubutu bayan kowaɗanne 'yan mintoci fa? Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar babi na huɗu na kundin digiri, shi ne zai fid da ɗalibi kunya. Haka mai kawo gyaran tsaro, gama filashin da ya zaga shaguna uku kafin a buga kundin, ba ya dawowa gida shi kaɗai.