Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasan da Suka Koyi Aikin Kwamfuta a Tudun Wada

 

Iyayenmu hakimai, Allah ya ja zamaninku. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, iyaye maza da mata, da 'ya'yanmu da muka taru dominsu, barkanku da zuwa. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Riruwai da suka yi sammako suka ratso dajin Falgore, Allah ya mayar da ku gida lafiya.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a harkar neman labari da cin moriyarsa. A Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Abin da ya ɗaga fatake irinsu shi ne sanin farashin kasuwar da ba su kai gare ta ba tukuna, da samun amintaccen mutum a kowane zango. A da sai ayari ya yi watanni kafin labari ya iso. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, manomin shinkafa a Tudun Wada yana iya jin farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗaure bakin buhu. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Wannan alheri ne, kuma mun gode wa Allah.

Sai dai, Allah ya ja zamaninku, abin ya tashi daga sauƙi ya koma dole, ba tare da an tambayi mutumin ƙauye ko ya shirya ba. Tun 2015 ba a rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a rufe shi, a 2021 kuma aka ce babu rajistar JAMB sai da wannan lamba. Tallafin gwamnati yanzu ta asusun banki yake zuwa, asusu kuma sai da lambar BVN ko NIN. Duk wanda ba shi da sabis, ba shi da wutar caji, ba ya iya karanta saƙon Turanci a fuskar waya, an rufe masa ƙofa, alhali haƙƙinsa na ciki.

Ku dubi yarinyar da ta gama sakandare a wani ƙauyen Doguwa. Ta yi ƙoƙari, ta san lissafinta. Ranar jarrabawa mahaifinta ya sayar da buhun masara ya biya mata kuɗin mota, ta kwana a gidan 'yan'uwa a birni, da safe aka zaunar da ita gaban na'urar da ba ta taɓa ɗora wa hannu ba. Agogo yana tafiya, ita kuwa tana neman inda za ta danna ta wuce tambaya ta biyu. A kujerar kusa da ita akwai ɗan birni wanda tun yana firamare yake wasa da irinta. In sakamako ya fito sai a ce 'yan ƙauye ba sa ƙoƙari. Wannan magana tana ƙona min rai, domin ba iliminta aka auna ba.

Kuma ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi. Manomi ya kai kaya kasuwa, mai saye ya ce sai dai tiransifa, shi kuwa ba asusu, ko kuma akwai asusun amma alat ya ƙi shigowa. Da yawa sun karyar da kayansu ga duk mai tsabar kuɗi a hannu.

Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ta tara ruwa mai ɗimbin yawa, amma gonar da ta ci moriyarsa ita ce wadda aka haƙa wa magudana har bakinta. Haka wannan fasaha take. Ta cika ƙasa, saura a ja ta zuwa unguwa da ruga.

Saboda haka ina da roƙo ga shugabanninmu. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF ƙarƙashin hukumar NCC, musamman don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ke ganin babu riba. Haƙƙinmu ne, amma ba ya zuwa sai an nema a rubuce. Ku sa a bi mazaɓa-mazaɓa a rubuta duk garin da sai mutum ya hau dutse ko bishiya kafin ya yi kira, 'yan majalisarmu na Ƙiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa su ɗauki takardar su bi ta har Abuja. A sa sola da kwamfutoci a makarantun sakandare, a bar yara su taɓa su, kada a kulle ɗakin sai ranar da baƙi za su zo. Masu rajistar NIN kuma a riƙa kai su ƙauyuka ranar kasuwa, tsohuwa ta huta da hawa babur.

Iyaye maza, 'yan'uwana, na san fargabarku game da waya a hannun 'ya mace, kuma ba fargabar banza ba ce. Amma matar da ba ta iya duba asusunta ba, kullum kuɗin sana'arta a hannun wani yake. Ku tsaya a kan tarbiyya, ku bar su su koya. Waɗanda suka turo 'ya'yansu mata wannan horo, Allah ya saka muku da alheri.

Yanzu gare ku, 'ya'yana. Wasunku za su buɗe shagon POS, wasu gyaran waya, wasu cike wa ɗalibai fom. Ku sani tun yau, sirrin mutane ne zai riƙa zuwa hannunku. Wata rana baba tsohuwa za ta kwance bakin zanenta, ta fito da kati da 'yar takardar da jikanta ya rubuta mata lambar sirri, ta miƙa muku duka biyun. Ba ta san nawa ne a ciki ba. Abin da kuka faɗa shi za ta yarda da shi. Ku juya mata na'urar ta gani, ku karanta mata adadin da ƙarfi da Hausa, ku ƙirga mata kuɗinta a tafin hannu, ku ba ta rasit, sannan ku gaya mata cewa banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirrinsa, duk wanda ya kira ɗan damfara ne. Mai gyaran waya kuma, hotuna da saƙonnin da ke ciki ba nasa ba ne, kada idonsa ya kai can.

Ina kuma neman alkawari guda daga kowannenku a gaban iyayenmu: kafin a buɗe rajistar JAMB mai zuwa, ka zaunar da ƙannenka na unguwa, ki zaunar da ƙannenki mata, ko a kan kwamfuta ɗaya ce, su saba da ita kyauta kafin su shiga ɗakin jarrabawa. Masu unguwanni, ku ne shaidu.

Malaman da suka yi haƙuri da yaran nan, da wuta da babu wuta, Allah ya biya ku. Allah ya sa albarka a abin da aka koya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Da izinin iyayenmu hakimai, ina kiran shugaban malamai ya fara kiran sunaye domin miƙa takardun shaida.