Haƙorin Hankali: Yaushe Za a Bar Shi, Yaushe Za a Cire Shi?



Bahaushe bai rasa sunayen abin da ke cikin bakinsa ba. Yana da fiƙa, yana da matauna, waɗanda wasu ke kira turame. Ya san wushirya ado ce, giɓi kuwa hasara, ya kuma ba zubar haƙoran yaro suna na musamman, watau famfara. Abin da Bakano ke kira haƙori, mutumin Jega ko Aliero ko Maiyama haure yake ce masa, kalmar da Bakanon bai san ta ba sai a bakin giwa. To, wannan lacca a kan haure guda take, watau mataunin da ke can ƙuryar baki, wanda ke fitowa daga ƙarshe. Larabawa suna ce masa dirsul aƙli, sunan da Turawa suka ba shi ma ma'anarsa ke nan, da Hausa kuma a ce haƙorin hankali, domin ba ya zuwa sai yaro ya fara sanin ciwon kansa.

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuwa 32 idan sun cika. Matauni na farko yakan fito wajen shekara 6, na biyu wajen shekara 12, na uku kuma, bisa lissafin littattafan Turai, tsakanin shekara 17 da 25. Amma binciken da Odusanya da Abayomi suka buga a 1991 a kan mutanen karkara a Nijeriya ya nuna cewa a nan yakan riga wannan lokaci fitowa. Saboda haka idan ɗan sakandare mai shekara 15 ya yi kukan ciwo a ƙuryar baki, kada a ce ai bai isa ba. Akwai kuma waɗanda har su tsufa ba za su fitar da shi ba, wannan kuwa ba cuta ba ce.

Laifin wannan haƙori ɗaya ne: ya zo biki a makare, ya tarar an cika tabarma. Idan muƙamuƙi yana da fili, sai ya fito tsaye ya kama aikin tauna kamar sauran. Idan babu fili, sai ya karkace ya jingina da maƙwabcinsa, ko ya kwanta cikin ƙashi, ko kuma ya leƙo rabi, fatar dasashi ta lulluɓe sauran. Wannan na ƙarshe ya fi damun samari da 'yan mata. Ƙarƙashin fatar nan akwai ɗan aljihu inda guntun tuwo da tsokar nama ke maƙalewa, ba asuwakin da ke kai gare shi, ba buroshi. Ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, haƙorin sama kuma ya riƙa cizon kumburin duk lokacin da aka rufe baki. Wanda ya karkace kuwa yakan jawo wa matauni na biyu kogo, kuma wannan ita ce babbar hasara, domin na biyun ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Masana ba su haɗu a kan magana guda ba game da abin da za a yi da haƙorin da ya maƙale amma bai ta da fitina ba. A Amurka an saba cire shi tun yaro yana sakandare. Hujjarsu ita ce a lokacin saiwarsa ba ta gama kafuwa ba, aikin ya fi sauƙi, rauni kuma ya fi saurin warkewa. A 2007 wani likitan haƙori mai suna Jay Friedman ya ƙiyasta cewa ana cire irin waɗannan haƙora kimanin miliyan 10 daga mutum miliyan 5 kowace shekara a ƙasar, ya kuma ce aƙalla kashi biyu cikin uku ba su bukaci cirewa ba. A Ingila kuwa, hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani, ta yanke a 2000 cewa kada a taɓa haƙorin da ba shi da cuta, domin tiyatar kanta tana da nata haɗarin. Ƙungiyar Cochrane ta sake auna hujjojin ɓangarorin biyu a 2020, ta ce babu isasshiyar shaidar da za ta raba gardamar.

Ga magidanci a Birnin Malam, wanda kuɗinsa ke jiran kakar gero ko cinikin albasa, ra'ayin Ingila ya fi kusa da hankali. Sai dai ra'ayin yana da sharaɗi, watau likita ya riƙa duba bakin lokaci lokaci. Wannan sharaɗi shi ne ya yi ƙaranci a karkara. Matsalar Amurka gaggawa ce; matsalar ƙasar Gwandu kuwa jinkiri.

Yadda jinkirin ke faruwa sananne ne. Ciwo ya tashi, a sa kanumfari, a kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Waɗannan ba laifi, suna rage zafi, amma ba sa kau da aljihun da ke tara dauɗa. Daga nan sai a wuce gona da iri: wani ya danna ƙwayar asfirin a dasashi ta ƙona shi, wani garin taba, wani ma har ruwan batir. A je kemis a sayo kafso biyu ko uku, kumburi ya lafa, bayan wata biyu ya dawo. Wani kuma ya biya kuɗi a kasuwa a fitar masa da tsutsa, alhali kuwa babu wata tsutsa a cikin haƙori. Kumburin da ya dawo sau biyu ko uku ya riga ya ba da amsa: lokacin ganin likita ya yi, kuma mai yiwuwa ne a cire.

Akwai kuma halin da ba ya jiran wayewar gari. Mugunya daga mataunin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da haɓa, ta tura harshe sama da baya har ta toshe hanyar numfashi. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan cuta a 1836, kuma har yanzu tana kisa a inda asibiti ya yi nisa. Idan kumburi ya sauko wuya, ko yaro ya kasa buɗe baki ya wuce faɗin yatsa biyu, ko ya kasa haɗiye miyau, ga zazzaɓi, to a nemi mota a daren. Ma'aikacin da aka bugo wa waya daga ƙauye ana neman shawararsa, waɗannan alamu ne ya kamata ya fara tambaya kafin ya tambayi kuɗin da ake bukata.

Mutanen wannan yanki sun san ƙashi. Garin Aliero ya yi suna wajen ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. To amma maɗori yana lalubar ƙashi da hannu, haƙorin da ya kwanta cikin muƙamuƙi kuwa hannu ba ya gano shi. A ƙarƙashin saiwarsa akwai wata jijiya da ta ratsa cikin ƙashin, ita ce ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Wata kuma tana gefen harshe. Idan aka ji wa ɗayansu rauni, wurin yakan mutu na makonni ko watanni, wani lokaci ma har abada. Shi ya sa ba aikin wanzami ba ne, ba kuma na mai filaya a bakin kasuwa ba, kuma shi ya sa likita ke neman hoton ƙashi kafin ya ɗauki wuƙa. Akwai sashen haƙori a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kabi, wanda daga Jega tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, haka kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Uban da ya kai ɗansa yana da haƙƙin tambaya: mece ce cutar da aka gani, a baki ko a hoto, wadda ta sa za a cire? Wajibi ne kuma ya faɗa wa likita idan yaron yana da sikila ko ciwon sukari, ko jininsa ba ya tsayawa da wuri idan ya yanke. In ba gaggawa, a sa aikin cikin hutu, kada ya haɗu da jarrabawa, domin kunci yakan kumbura kwana biyu ko uku.

Yawanci allurar kashe zafi ake yi a dasashi, yaro ya koma gida a ranar. Abin kiyayewa shi ne gudan jinin da ke daskarewa a cikin ramin, don shi ne murfin da rauni ke warkewa a ƙarƙashinsa. A ranar farko kada a kurkure baki, kada a yi ta tofar da miyau, kada a sha taba. A ba shi kunu ko koko da ya huce, da cokali. Kashegari a fara kurkurewa a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Idan a rana ta uku ko ta huɗu zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, yana harbawa zuwa kunne, to alama ce gudan jinin ya fita, ƙashi ya tsiraita, sai a koma wurin likitan ya wanke ramin ya sa magani.