Kowane Ƙarfe da Aikinsa



Yau zancen ƙarfe za mu yi. Manomi ya sayi fartanya, mako guda bakinta ya lanƙwashe. Wani ya sayi adda, sara ɗaya ta ɓalle. Me ya jawo?

Na farko, sinadarin kabon. Ƙarfen da ke da kabon kaɗan yana da laushi. Yana yankuwa, yana huduwa, yana karɓar walda, amma ba ya riƙe kaifi. Sifirin ɗin babbar mota kuwa kabon ɗinsa ya fi yawa. Yana riƙe kaifi, amma yana cinye magagari, walda kuma tana iya tsaga shi.

Na biyu, wuta. Maƙeri ya gasa ƙarfe ya bar shi ya huce cikin toka, ƙarfe zai yi laushin aiki. Ya tsoma shi cikin ruwa da zafinsa, zai yi tauri, amma zai yi gautsi. Sai an sake ɗumama shi kaɗan kafin ya jure sara.

Maƙeranmu, kada ku tsallake ɗumamawar nan. Manoma, ku tambayi irin ƙarfen kafin ku biya.