Azumin Da Aka Yi A Cikin Gida

A watan Afrilun 2020 cutar korona ta sa aka kulle Kano, ga azumi ya kama. Daga unguwar Daurawa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi masallatai suka yi tsit. Ba Juma'a, ba tafsiri sai ta rediyo. Magidancin da ya saba bin liman shi ya koma limamin gidansa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana jan iyalinsa tarawihi da gajerun surori.

Amma jana'iza ba ta tsaya ba. Dattawa suka yi ta rasuwa, ana ta kai su maƙabartar Tarauni. Ni a ganina abin da ya fi ƙona ran mutane shi ne zaman makoki da ya gagara, har maƙwabci ya koma yi wa maƙwabcinsa ta'aziyya ta waya.