Wasiƙun ma'aikata da jadawalin taro: wa ke riƙe da mabuɗi?



Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Exchange 2016 da 2019. Duk ma'aikatar da ke nan Yamai wadda wasiƙunta da jadawalin taronta ke kan wannan manhaja, zaɓi uku ya rage mata: ta koma biyan haya duk shekara, ta kwashe bayananta zuwa rumbun kamfanin a ƙetare, ko ta zauna da manhajar da ba a ƙara toshe ɓarakarta. Na ukun ganganci ne. A Maris na 2021 masu kutse sun shiga dubban sabobin Exchange a faɗin duniya.

Akwai hanya ta huɗu, tushenta ma ya girmi Exchange. Tun 1982 Jon Postel ya rubuta SMTP, ƙa'idar aika saƙo. IMAP, ta karanta saƙo, ta biyo baya a 1986, sai CalDAV ta kalanda a 2007. Babu mai iko da su, kowa na iya gina manhaja a kansu. Akanta ya buɗe wasiƙunsa da Thunderbird, darakta ya duba taronsa a iPhone, mai wayar Android ya ƙara ƴar manhajar DAVx5, duk sabar ɗaya suke sha. Ran da mai kula muku da ita ya tsauwala farashi, ku tattara kayanku ku kai wa wani. A ganina wannan ya fi arha muhimmanci nesa ba kusa ba.

Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yi wannan ƙaura a 2025: akwatunan imel sama da 40,000 suka bar Exchange zuwa Open-Xchange. Ba ta zo da sauƙi ba, har alƙalai sun koka da tsaikon saƙonni.

Mu kuwa Agustan 2023 ya koya mana karatu. Da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da muka dogara da ita, muka gane cewa abin da ke hannun wani yana iya kashe shi ran da ya ga dama. Ga kuma dokar CLOUD ta 2018, wadda ta ba hukumomin Amurka damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasarsu ko a ina aka ajiye su. Sai dai karatun kaifi biyu gare shi. Sabar da ke ofishinku tana son wuta dare da rana, da na'urar sanyi a zafin Afrilu, da injiniyan da zai tashi tsakar dare in ta tsaya, kuma albashinsa ba na wasa ba ne. Wanda ba zai iya ba, ya yi haya wurin wani, amma ya sa IMAP da CalDAV cikin yarjejeniya a rubuce.

In kun tashi gwaji, kada ku fara da wasiƙu, su ba sa gardama. Ku fara da sakatariyar da ke tsara wa darakta kalandarsa, da taron da ke maimaituwa duk Litinin, da kama ɗakin taro. A nan ƙaura ta fi cijewa.