Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya? Girman Kan Ilimi da Matsayi Wajen Abota da Neman Aure

(Matanin laccar da aka gabatar ga matasa maza da mata a zaman karatu na wata-wata)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fitar da mutane baki ɗaya daga uba ɗaya da uwa ɗaya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da za mu tattauna a kansa yau wata cuta ce ta zuciya, wato raina mutum saboda ƙarancin takardar makaranta, ko saboda sana'arsa, ko gidan da ya fito, musamman a lokacin zaɓen aboki da lokacin neman aure. Cuta ce mai wuyar ganewa, domin ba ta hana mai ita tsayawa a sahun farko, ba ta hana shi azumin nafila. Sai ranar da wani ya yi sallama a ƙofar gidansa yana neman 'yarsa ko ƙanwarsa, a ranar ne take fitowa fili.

Yadda cutar take bayyana

Yara biyu sukan taso a unguwa ɗaya, su yi makarantar allo ɗaya, su ci tuwo a kwano ɗaya. Allah Ya buɗe wa ɗayan hanyar jami'a, ɗayan kuma ya tsaya a garejin gyaran mota ko rumfar kasuwa. Bayan 'yan shekaru sai gaisuwar ta koma ɗaga hannu daga cikin mota. In ma an haɗu a majalisa, sai masu boko su juya harshe zuwa Turanci, ba don Hausa ta gaza ba, sai don wanda ke gefe ya san matsayinsa.

A wajen neman aure abin ya fi muni. Tambayoyin farko su ne: me ya karanta, a ina yake aiki, ɗan gidan wane ne? Sallarsa da amanarsa sai a ƙarshe, in an tuna. Mai digiri ba ta sauraron mai difloma, mai difloma ba ta sauraron wanda ya tsaya a sakandare. Saurayi yakan shekara uku yana zuwa zance wajen yarinyar unguwarsu, iyaye sun sani, an hana kowa fitowa saboda shi, amma da zarar ya sami aikin ofis sai ya gano wai ba ta waye ba, ba za ta iya shiga cikin matan abokansa ba. In aka nemi dalili sai a jawo karin magana: ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe.

Kada masu karatun addini su ɗauka da wasu ake. Akwai wanda zai dawo daga jami'ar wata ƙasar Larabawa, ya riƙa kallon malamin zauren da ya biya masa Ahalari da Ishmawi a matsayin wanda bai san komai ba, ya kira mahaddacin Alƙur'ani gardi da sigar wulaƙanci. Akwai kuma na zauren da ke ganin duk ɗan boko jahili ne. Tufafin ne suka bambanta, cutar ɗaya ce.

Daga ina ta samo asali

Tun kafin zuwan Turawa akwai tsani na daraja a ƙasar Hausa. Sarakuna da malamai da attajirai suna sama, wasu masu sana'o'i kuwa, irin su mahauta da wanzamai da maƙera da majema, an ajiye su a ƙasa, ana cin moriyar aikinsu amma ana ƙyamar haɗa zuriya da su. Haka kuma ana tonon asalin bauta ko da bayan kaka da kakanni.

Da boko ya zo sai ya ɗora sabon tsani a kan tsohon. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashe na musamman domin 'ya'yan sarakuna. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ita ta yaye da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe mulkin Arewa daga baya. Takardar makaranta ta zama ƙofar aikin En'e da na gwamnati, da albashi, da girma. Malamin da ya shekara talatin yana karantar da fiƙihu da nahawu aka wayi gari ana lissafa shi cikin marasa ilimi, saboda bai san baƙaƙen boko ba. Shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 ya buɗe makarantu ga 'ya'yan talakawa, amma tsanin bai karye ba, ƙara tsawo ya yi. Ta haka takardar shaida ta zama wata sabuwar nasaba, ana alfahari da ita kamar yadda Larabawan jahiliyya suke alfahari da kakanninsu.

Ma'aunin da Musulunci ya kafa

Aya ta 13 a cikin Suratul Hujurat ta bayyana cewa an rarraba mutane dangi-dangi ne domin su san juna, ta kuma ɗora fifiko a wurin Allah a kan taƙawa kaɗai. Aya ta 11 a cikin surar ta hana maza da mata yi wa junansu izgili, domin mai yiwuwa wanda ake rainawa ya fi mai rainin alheri. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) wanda Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa son kyakkyawar tufa ba shi ne girman kai ba, ya taƙaita girman kai a abu biyu: ƙin karɓar gaskiya da wulaƙanta mutane. Saboda haka digiri ba laifi ba ne, mota ba laifi ba ce. Laifin yana farawa ne a lokacin da suka zama tabarau da kake kallon ɗan'uwanka ta ciki ka gan shi ƙarami.

Manyan Ƙuraishawa sun taɓa gindaya sharaɗin cewa sai an kori talakawan sahabbai daga majalisar Annabi (SAW) kafin su zauna, aya ta 52 a cikin Suratul An'am ta sauka ta hana. Farkon Suratu Abasa kuwa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA), wanda daga baya Annabi (SAW) yakan bar masa Madina ya ja wa mutane sallah idan ya fita yaƙi.

Game da sana'a, Annabi Dawuda (AS) maƙerin sulke ne, Annabi Zakariyya (AS) masassaƙi ne. Ɗan Manzon Allah (SAW), Ibrahim, a gidan wani maƙeri mai suna Abu Saif aka shayar da shi a Madina, Annabi yana zuwa ya ɗauke shi alhali gidan cike da hayaƙi. Manyan malamai da yawa da sunan sana'a aka san su: Alƙaffal mai ƙera kwaɗo, Azzajjaj mai aikin gilashi. Imam Abu Hanifa kuwa ɗan kasuwar tufafi ne.

Shubuhar kafa'a

Wani zai ce, ai malaman fiƙihu sun yi babi a kan kafa'a, wato dacewar miji da matarsa. Haka ne, kuma amanar ilimi ta wajabta a faɗi yadda abin yake. Hanafiyya da Shafi'iyya sun lissafa nasaba da sana'a a cikin kafa'a, bisa lura da al'adar mutane da gudun abin da zai jawo gori a cikin gida. Amma ko a wurinsu haƙƙi ne na mace da waliyyanta, in sun yarda sun sarayar da shi aure ya inganta. Imam Malik kuwa, wanda mazhabarsa ce aka gada a ƙasar nan, ya tsayar da kafa'a a kan addini, Malikiyya suka haɗa da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure. Haka yake a cikin Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukanmu. Ibnul Ƙayyim ma a cikin Zadul Ma'ad addini ya rinjayar. Abin mamaki ne mutumin da ya tashi a kan mazhabar Malik ya manta da ita a wannan babi kaɗai.

Aikin magabata shi ne hujja mafi ƙarfi. Faɗimatu 'yar Ƙais, Baƙuraishiya, ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan manema biyu, Mu'awiya da Abu Jahm, sai ya nuna mata Usama ɗan Zaid, ɗan 'yantaccen bawa. Da farko ta ƙi, daga baya ta yarda, kuma da bakinta ta ba da labarin alherin da ta samu a auren. Abu Huzaifa (RA) ya aurar da 'yar ɗan'uwansa, jikar Utba ɗan Rabi'a shugaban Ƙuraishawa, ga Salim wanda 'yantaccen bawa ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Banu Bayada su ƙulla auratayya da Abu Hind, alhali sana'arsa ƙaho ce. Da a garinmu yake, wanzami za mu kira shi. A zamanin tabi'ai, Sa'id ɗan Musayyib ya ƙi bai wa ɗan Halifa Abdulmalik 'yarsa, ya aurar da ita ga wani matalaucin ɗalibinsa a kan 'yan dirhamomi.

Bambanci tsakanin zaɓi da raini

A nan ake buƙatar adalci, ya 'yan'uwa. Ba a ce dole kowa ya auri duk wanda ya zo ba. Hansa'u 'yar Hizam mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, Annabi (SAW) ya warware auren. Auren Zaid ɗan Harisa da Zainab 'yar Jahsh, duk da darajarsu su biyun, bai ɗore ba. Zaman aure yana buƙatar natsuwar zuciya da fahimtar juna. 'Yar'uwar da ta yi karatu mai zurfi tana da haƙƙin neman mijin da zai fahimci aikinta, ba zai mayar da iliminta abin gaba ba. Saurayi yana da haƙƙin neman wadda hankalinsa ya kwanta da ita. Uba yana da haƙƙin tambayar ko mai neman zai iya ci da sha da tufatarwa, domin Annabi (SAW) da kansa ya ambaci rashin dukiyar Mu'awiya a wancan lokaci. Sai dai tambayar ita ce ko yana da halattacciyar hanyar samu, ba ko yana zama a kan kujerar ofis ba. Sau nawa bakanike ya riƙe gida da rufin asiri, mai digiri yana yawo da takardu?

Kowa ya auna kansa da tambayoyi uku. Ta farko: abin da ya hana ni, zaman da za mu yi ne nake hange, ko kuwa abin da mutane za su ce ranar ɗaurin aure? Ta biyu: da wannan mutumin zai sami dukiya gobe ba tare da ya ƙara harafi ɗaya a karatunsa ba, zan canza ra'ayi? In amsar i ce, to ba ilimi ake nema ba. Ta uku: da na ƙi, na ƙi da mutunci, ko kuwa na mayar da shi abin dariya a cikin ƙawaye da abokai, ana cewa wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa? Kana da damar ka ce ba mu dace ba. Ba ka da damar ka ce bai kai ba.

Haka abin yake a abota. Shari'a ta umarce mu da tace abokai, amma matacin shi ne hali da addini. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma maɗaukin kanwar yana iya zama mai digiri uku.

Abin da muke asara

Gidaje da yawa akwai 'yan mata masu ilimi da tarbiyya da shekaru ke tafiya a kansu, an kori masu addini ana jiran mai muƙami. Akwai samari masu sana'a da suka yanke ƙauna daga gidajen mutunci. Idan aka toshe ƙofar halal, kowa ya san ƙofar da Shaiɗan yake buɗewa. Sa'an nan aikin da'awa kansa yana cutuwa, domin ba za ka kira mutum ɗan'uwa a kan mumbari, ka ƙi cin abinci da shi a tabarma ɗaya, sa'an nan ka sa ran ya karɓi gyara daga bakinka ba.

Giɓin karatu kuwa abu ne mai cikuwa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba ta tsaya cikin masu ilimi irinta ba, ta naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Wanda ya ce yarinya ba ta yi karatu ba, me ya hana shi ya aure ta ya sa ta a makaranta? Jahilci yana da magani a aji. Mugun hali shi ne zanen dutse.

Nasiha

Iyaye da waliyyai, ku fara bincike daga masallacin unguwar mai nema da abokan hulɗarsa, kafin ku tambayi takardunsa. Malamai da masu wa'azi, ku fara da 'ya'yanku, domin aure ɗaya da malami zai ƙulla da gidan mai sana'a ya fi lacca goma tasiri. 'Yan'uwa mata, wanda ya zo da mutunci a sallame shi da mutunci, a kuma rufa masa asiri. Samari, kada ku tsare 'yar mutane shekara da shekaru alhali kun san a zuci kun raina gidansu. Wanda kuma yake da abokin ƙuruciya da ya yasar saboda karatu, ya neme shi a cikin makon nan, ya je har wurin sana'arsa ya zauna.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga girman kai, Ya sanya iliminmu ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba, Ya azurta 'ya'yanmu da abokan zama nagari.